Daga Ciki Na Koma Kai

Ku matso kusa, masu karatu. Amma kafin komai, baiwar Allahn da ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya cewa "Dakta, ke dai faɗi gaskiya, korarki aka yi", na gode, Allah ya bar zumunci. Ba a kore ni ba. Kwantiragina ne ya ƙare aka ƙi sabuntawa. Da bambanci. Wanda aka kora ce masa ake ya tafi, ni kuwa ba a dai ce in dawo ba ne.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni likita ce, ina cikin horon ƙwarewa a sashen tiyata, a ƙarƙashin wani Farfesa mai gashin baki kamar burushin wanke kwalba. Ranar da zai sallame ni ya kira ni ofis, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Hannunki ba laifi," ya ce. "Kunnenki ne matsalar."

"Kunnena, ranka ya daɗe?"

"Na aike ki ki shirya mara lafiya za a cire masa ƙari a ciki. Na zo na same ki zaune a bakin gadonsa yana ba ki labarin yadda ƙaninsa ya cinye masa gona. Yana kuka, kina kuka, ɗakin tiyata na jiranku."

"Ai gonar ta fi ƙarin damunsa, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki tabarau ya mayar. "Akwai sashen da aikinsu ke nan. Ba nan ba ne."

Na sha kuka a banɗakin ma'aikata har mai shara ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko haihuwa ake. Na ji haushinsa, na ji kunya, na yi masa Allah ya isa a zuci. Da haushin ya kwanta sai na ga mutumin nan gaskiya ya faɗa. Ni tun da nake, ban taɓa jin daɗin wuƙa ba. Abin da ke sa in manta da yunwa shi ne mutum ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cinsa.

Sai na nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda mutanen gari ba sa wahalar da bakinsu, asibitin mahaukata suke ce masa. Gurbi ɗaya suke da shi bana. In na rasa shi, sai zaman gida da duba hawan jinin maƙwabta kyauta. Kuma wallahi ina son gurbin nan, so irin wanda ban taɓa yi wa wani aiki ba.

Ranar da na faɗa a gida, Mama tana falo tana ninke wanki a kan doguwar kujerar nan da har yau ba a cire mata ledar kanti ba. Gwaggo, yayar Baba, tana kishingiɗe a kafet da waya a hannu. Baba yana gefen taga yana fama da rediyonsa da ƙaramin sukundireba.

"Mama, na bar tiyatar ciki. Kwantiragin ya ƙare, ba su sabunta ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa zan nema."

Ku shaida, jama'a, jimla uku na yi. Ta ƙarshen kaɗai Mama ta ji.

"Ƙwaƙwalwa? Ta cikin kai?"

"Eh, amma ba..."

"Allahu akbar! Yaya, kin ji? Daga ciki an ɗaga ta zuwa kai!"

Kafin in haɗiye yawu Gwaggo ta danna wayarta ta kai baki. "Salamu alaikum dangi, ku taya mu murna. An ƙara wa Dakta girma. Ta gama da hanji, yanzu kai take fasawa. Maƙiya sai a yi haƙuri."

"Gwaggo, ki goge! Ba haka ba ne!"

"Ke tafi can, kin cika ɓoye alheri. Ai ya riga ya tafi."

Baba bai ɗago ba. Yana murɗa ƙusa ya ce, "Fasa kan za ki riƙa yi ko gyarawa?"

"Gyarawa, Baba."

"To. Allah ya taimaka." Shi kaɗai ya gane, kuma shi ba ya shiga tsakanin Gwaggo da wayarta.

Kafin yamma guruf ɗin dangi ya kama da wuta. Wata 'yar ƙanwar Mama ta turo hoton kan mijinta ta baya, wai in duba, tana ganin kamar ya karkace. Kawu ya turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, yana tambaya ko zan iya buɗe kan ɗansa in ga inda lissafi ke zubewa. Na rubuta bayani tiryan-tiryan cewa ba tiyata ba ce, magana ce da magani. Aka bi shi da "Masha Allah, ga ilimi ga tawali'u."

Yanzu mu zo kan mutumina. Mai awon filaye ne, shi ya sa na ajiye lambarsa da Malam Awo. Dogo, mai sanyin magana, rigarsa kullum a goge, takalminsa kullum da jar ƙasa. Iyaye sun riga sun shiga maganarmu. Shi na fara gaya wa gaskiya, tun daga banɗakin can, ya kuma ce shi ni yake so, ba wuƙar ba. Matsalar ita ce Hajiyarsa. Saƙon Gwaggo ya tsallaka har gidansu.

Ya rubuto min:

"Hajiya ta ji. Ta kira ƙawayenta kaf."

"To ka gaya mata gaskiya mana."

"Ina auna lokacin da ya dace."

"Kai komai sai ka auna? Uwarka ce fa, ba fuloti ba."

Ya turo fuska mai gumi. Ni kuma na kife wayar.

Da na je gaishe ta a ƙarshen mako, na sha doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai kauri, na zauna a ƙasa gefen kujerarta kamar ban taɓa ɗaga murya ba a duniya. Hajiya mace ce mai jiki da kwarjini, falonta fes, labule ya dace da kafet, kafet ya dace da kofin shayi. Da hannunta ta zuba min, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na ji abin arziki," ta ce. "Ni da farko da aka ce ƙwaƙwalwa gabana ya faɗi. Na ɗauka irin likitocin nan ne masu yini da mahaukata. Ai mai yini da su wata rana sai ya kwaso abin ya kawo gida. Ni ba za a shigo min da wannan cikin zuri'a ba."

Na dubi Malam Awo. Malam Awo ya dubi silin kamar an ba shi kwangilar auna shi.

Ranar intabiyu Mama ta goge min farar rigar likita har tana ɗaukar ido. Na ce ba zan sa ba. Wata ƙawata da ta taɓa aiki a sashen ta gaya min su can ba sa sawa, domin tana firgita wasu marasa lafiyar. Sai na sa riga ruwan toka mara ado, mayafi baƙi, takalmi shafaffe. Ban yi barcin kirki ba, idanuna sun yi ja, kwallin da na zizara a gurguje ya ɗan zazzago.

Sashen yana can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki. Doguwar baranda ce mai bencina a jere, bango ruwan ganye, fanka ɗaya na juyi da ƙara. Masu intabiyu da masu ganin likita duk benci ɗaya ake jira, ba wanda ya ware mu. Na samu gefe na zauna na hau bita, don na san tambayar da za ta kashe ni: me ya sa ba a sabunta kwantiraginki ba?

Na tsara amsa mai kyau, mai santsi. "Bayan dogon nazari, na fahimci cewa baiwata ta fi karkata ga..." Ina faɗa a hankali, ina gyaɗa kai, ina nuna bango da yatsa wurin da ya kamata in jaddada. Na sake. Na yi murmushin da zan yi musu. Na sake.

Wani dattijo mai tsabta da ke kusa da ni ya ɗan sunkuyo. "Kar ki damu, 'yata. Ni ma haka na fara. In kin riƙe magani ras za ki koma."

Na buɗe baki zan yi bayani ke nan, sai ƙamshin wani turare ya doki hancina. Na san turaren nan. Na juya a hankali. A ƙarshen bencin wata mata ce zaune da ƙaton baƙin tabarau, ta ja mayafi har kan hanci, ta rungume jaka a ƙirji. Ta zare tabarau.

Innalillahi. Hajiya.

Na zame daga benci na durƙusa. "Hajiya, ina kwana? Kun tashi lafiya?"

"Ke ce?" Muryarta can ƙasa. "Tun ɗazu nake kallonki. Da wa kike magana?"

"Bita nake yi, Hajiya."

"Bita." Ta dubi bangon da nake nunawa, ta dubi idona, ta dubi kwallin. Sai na ga fuskarta ta narke. "Allah sarki, yarinya. Karatun ne ko? Na sha faɗa, boko in ya yi yawa kai yake hawa. Ashe da gwaggonki ta ce kin koma ɓangaren ƙwaƙwalwa, kwanciya take nufi."

"A'a wallahi, Hajiya, lafiyata ƙalau!"

"Haka ne," in ji dattijon nan cikin tausayi. "Duk haka muke cewa."

Daidai nan nas ta leƙo ta kira sunana. Na miƙe. Hajiya ma ta miƙe, ta cafke wuyan hannuna.

"Hajiya, ni kaɗai ake so."

"Rufe min baki. Ina aka taɓa barin mai irin wannan lalura ta shiga ita kaɗai? Iyayenki ma da suka sako ki haka, sai na ji dalili."

Nas ta yi ƙoƙarin tarewa. Wanda bai taɓa ganin Hajiya ta nufi ƙofa ba ne zai yi wannan gangancin.

A ciki mutum uku ne a bayan dogon tebur: maza biyu, sai Shugabar sashen a tsakiya, wata 'yar tsamurmurar dattijuwa da tabarau rataye a wuya. Kujera ɗaya aka ajiye min. Hajiya ta zaunar da ni a kai, ta tsaya a bayana ta dafa kafaɗata.

"Likita, ni ce uwarta. To, uwar wanda zai aure ta. Magana take yi ita kaɗai, tana nuna bango, tana murmushi ba dalili. Yau na gani da idona. A taimaka mana, amma don Allah a rufa asiri."

Ɗaya daga cikin mazan ya toshe baki da hankici. Shugaba kuwa ko gezau. Da alama a aikinta wannan ba ya cikin abubuwan mamaki.

"A kawo wa Hajiya kujera," ta ce. Aka kawo. Ta buɗe fayil. "Likita, mun ga takardunki, kina neman gurbin horo a wurinmu. Me ya sa sashen tiyata bai sabunta kwantiraginki ba?"

Na ji hannun Hajiya ya sauka daga kafaɗata.

Jama'a, amsar nan mai santsi da na kwana ina gogewa, na neme ta sama da ƙasa na rasa. Tsoro ya kama ni. In na yi kwana-kwana, waɗannan mutanen aikinsu ke nan gane kwana-kwana, gurbi ya tafi. In na faɗi gaskiya, ga Hajiya a gefena tana ji da kunnenta. Sai kuma wani haushi ya taso min. Don me zan riƙa ɓoye abin da nake so kamar kayan sata?

"Ranki ya daɗe, saboda ina ɓata musu lokaci," na ce. "Ana aike ni in shirya mutum, sai in zauna ina sauraronsa. An ja min kunne ban daina ba, domin ba na iyawa. Ban iya barin mutum a tsakiyar magana ba. Sun yi gaskiya da suka sallame ni, ban dace da can ba. Nan nake so, kuma ba don an rufe min can ba. Da na san kaina da wuri, da nan na fara zuwa."



"Dakata," in ji Hajiya. "Wato ke ba mara lafiya ba ce?"

"A'a, Hajiya."

"Kuma ba kya fasa kai?"

"Ban taɓa ba."

"Korarki aka yi."

"Ba su dai sabunta ba."

"Likitar mahaukata za ki zama."

"Marasa lafiya, Hajiya. In an ɗauke ni."

Na jira tsawa. Na ma riga na fara tunanin yadda zan goge hotunan Malam Awo daga wayata. Sai Shugaba ta juya ta dube ta, ta tambaya a hankali kamar mai tambayar ya gida:

"Hajiya, ku kuma me ya kawo ku wurinmu yau?"

Kun san ni sai a lokacin tambayar ta zo min? Duk rikicin nan ban tsaya na ce me Hajiya take yi a wannan bencin ba.

"Rakiya na yi," ta ce da sauri.

"Wa kuka rako?"

Numfashin Hajiya ya koma sama-sama, gumi ya tsatso a goshinta, ta kai hannu ƙirji tana neman ƙofa da ido. Matar da ta ture nas ɗazu ta koma kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa.

Na miƙe. "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in fita da ita."

"Ba mu gama ba," in ji mai hankicin. "Akwai masu jira a bayanki. In kin fita ba lallai a sake kiranki ba."

Na ji maganar har ƙashina. Ga shi dai abin da ya ci min wancan aikin zai ci min wannan. Na dubi fayil ɗina a gaban Shugaba, na dubi Hajiya.

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri," na ce. Na kama hannunta muka fita.

Na kai ta bayan ginin, wani benci a inuwar bishiya inda ba kowa sai igiyoyin shanya. Na ce ta ja numfashi tare da ni, a hankali, ta sake. Ban tambaye ta komai ba. Na yi shiru kawai, abin da na fi iyawa a duniya.

Can ta ce, "Tun da mahaifinsu ya rasu bara ban yi barcin kirki ba."

Na gyaɗa kai.

"Ina jin tarinsa a ɗaki. Na san ba ya nan, ba hauka nake ba, na san ba ya nan. Amma sai in zuba shayi kofi biyu. In na gani sai in zubar da sauri kar yaran su lura. Ƙirjina ya riƙa bugawa kamar zan mutu. Kowa cewa yake Hajiya akwai tawakkali, Hajiya dutse ce. Wa zan gaya wa?" Ta share ido da gefen mayafi. "Na sha zuwa bencin can. Da an kusa zuwa kaina sai in gudu. Yau ma da na gan ki, wallahi daɗi na ji, na ce ashe ba ni kaɗai ba ce."

Ta yi dariya cikin kuka, ni ma na yi. Ta yi ta magana. Yadda suka haɗu, yadda yake ɓoye mata makullin mota don ta yi masa faɗa, rigarsa da har yau ba ta bari an wanke ba. Na gaya mata wannan ciwo ne sananne, yana da suna, yana da magani, kuma mutane da yawa sun warke. Tausayinta ya cika ni har na manta da wani intabiyu.

Inuwa ta gusa daga kanmu kafin na ji takun takalmi. Nas ɗin nan ce, tana ɗan ɗingishi a ƙafar da Hajiya ta taka.

"Likita, Shugaba ta ce ta gama intabiyunki ta taga, tana hango ku. Ki zo ranar Litinin ki fara."

Na so in yi ihu, in yi tsalle, in kira Baba. Hajiya ta riƙe hannuna gam har nas ta ɓace.

"Na taya ki murna," ta ce. "To ki ji. Ni ba zan zauna gaban kowa in sake faɗin wannan ba. Ke za ki riƙa duba ni."

"Hajiya, ƙa'idar aikin ba ta yarda likita ya duba danginsa ba. Zan haɗa ku da Shugaba da kaina, ta fi ni sani nesa ba kusa ba."

"Ba na son Shugaba. Kuma ai ba ki zama dangina ba tukuna." Ta dube ni ido cikin ido, ba faɗa, ba wasa. "Surukata ba za ta san ina zuba wa mamaci shayi ba, ba zan iya haɗa ido da ita a gidana ba. Likitata kuwa dole ta sani. Ɗaya za ki zama, 'yata. Ni dai na san wadda na fi buƙata."

Kafin in samo amsa ta jingina kanta a kafaɗata, wai bari ta ɗan huta kafin direba ya zo. Ba a jima ba na ji nauyinta ya sauko min gaba ɗaya. Hajiya ta yi barci, barci na gaske, har da ɗan minshari.

Sai wayata ta fara rawa a cikin jaka. Na leƙa da ido ɗaya, Malam Awo ne. Ta katse, ya sake kira. Sai saƙo ya shigo:

"Ya intabiyu? Kuma don Allah ko kin ji daga Hajiya? Wayarta a kashe tun safe, hankalina ya tashi."

Ina son mutumin nan, jama'a, Allah ya sani. Ban taɓa ɓoye masa komai ba. Amma hannun da zan ba shi amsa da shi yana cikin hannun uwarsa, kuma in na motsa za ta farka.

Na bar wayar tana ta rawa.